Daren Birni Na Wane Ne?

Ana cewa dare mahutar bawa. Maganar ta dace da zamanin da rana ke faɗuwa aiki ya tsaya cak, amma a manyan biranen yau faɗuwar rana canjin hannu ce kawai, wasu su ajiye aiki wasu su ɗauka. Ka dubi titi guda a tsakiyar kowane babban birni da misalin ƙarfe ɗaya na dare. A ƙasan bene akwai gidan abinci da bai rufe ba, mutane na ci suna hira da ƙarfi. A bayan gidan akwai wanda ke tsaye gaban tulin kwanuka tun da yamma, yana wanki yana lissafin yadda zai koma gida, tunda motar haya ta ƙarshe ta daɗe da wucewa. A saman benen wata mata ce da sammako ke jiranta, ta juya nan ta juya can, barci ya ƙi zuwa saboda kiɗan da ke ratso bango. A ƙetaren titin kuma fitilun wani wurin motsa jiki a kunne suke, mutum biyu ko uku na gudu a kan na'ura.

Kowane ɗaya daga cikinsu yana da haƙƙi a kan wannan daren, kuma haƙƙin kowa na taka na ɗan'uwansa. Sai dai idan aka tashi maganar rayuwar dare a birni, ko gidajen abincinsa, ko wuraren motsa jikinsa, kusan kullum da idon mutum ɗaya ake kallo, wato wanda ya fito da kuɗi a aljihu yana neman inda zai kashe su. Ina ne sabon wuri, ina abinci ya fi daɗi, ina ake cika a ƙarshen mako. Waɗannan sana'o'i uku, a ganina, kasuwa ɗaya suke ci: suna sayar wa mutum abin da zai yi da 'yan awoyin da suka rage masa bayan ya tashi daga aiki. Abin da ke raya su ko ya kashe su kuma ba kasafai ake ganinsa a teburin cin abinci ba. Yana cikin takardar lasisi, da kuɗin haya, da jadawalin motocin bas.

Birni bai saba kwana da ido biyu ba. A Chang'an, babban birnin daular Tang ta ƙasar Sin, da zarar rana ta faɗi sai a shiga kaɗa ganguna, a rufe ƙofofin unguwanni, domin kowace unguwa da katangarta. Wanda aka kama a babban titi bayan haka ba tare da izini ba, bulala ce hukuncinsa. Sai a zamanin daular Song, wadda ta kafu a 960, tsarin katangun ya rushe, shaguna suka fito bakin titi, birnin Kaifeng ya yi suna da kasuwannin dare da gidajen cin abinci. A garuruwan Turai kuwa ƙararrawa ake bugawa kowa ya rufe wutarsa ya kwanta, kuma daga kalmar Faransanci mai ma'anar "rufe wuta" Turawan Ingila suka samo sunan da suke kiran dokar hana fita da shi har yau.

Fitila ce ta canza lamarin, amma da farko ba don nishaɗin kowa aka kunna ta ba. A 1667 Sarki Louis na 14 ya naɗa wa birnin Paris shugaban 'yan sanda, Gabriel Nicolas de la Reynie, kuma cikin ayyukansa na farko akwai rataya fitilun kyandir a tituna don hukuma ta ga wanda ke yawo. A 1807 aka haska titin Pall Mall na Landan da fitilun iskar gas. A 1882 Thomas Edison ya buɗe tashar lantarki ta titin Pearl a New York. Hasken da ya ba gidan wasan kwaikwayo damar buɗewa har tsakar dare, shi ne ya ba mai masana'anta damar juya injinsa ba dare ba rana da rukunin ma'aikata biyu ko uku. Tun daga tushe, shaƙatawar dare da aikin dare tagwaye ne, rana ɗaya aka haife su. Ɗaya ne dai ya yi farin jini.

Lokacin da hukuma ta gane akwai kuɗi a dare

Tunanin cewa dare wani fage ne da hukumar birni za ta tsara da gangan bai daɗe ba. Masu nazarin birane kan danganta shi da birnin Rum na Italiya. A 1977, lokacin da kashe-kashen siyasa suka sa mutane kulle kansu a gida da zarar duhu ya yi, jami'in da ke kula da al'adu a majalisar birnin, Renato Nicolini, ya fara shirya bukukuwan bazara. Aka kafa majigi a cikin kangon wani tsohon gini na zamanin Rumawa, dubban mutane suka fito kallo da dare, talaka da mai kuɗi a kujeru iri ɗaya. Hikimar ita ce titin da jama'a suka cika ya fi titin da aka bar wa tsoro aminci.

Biranen Birtaniya sun ari wannan tunani a shekarun 1990. Masana'antunsu sun durƙushe, tsakiyar gari kan zama kufai da an tashi daga ofis, ga tsofaffin ɗakunan ajiya ba kowa. Majalisun birane suka sassauta bayar da lasisi da fatan samun irin daren biranen kudancin Turai, inda iyali ke fitowa shan iska, tsoho na zaune, yaro na wasa. Abin da suka samu kuwa mashaya ce jere da mashaya. Dalilin a fili yake: a cikin duk abin da ake sayarwa da dare, ba abin da ke kawo riba da sauri kamar barasa, saboda haka mai sayar da ita ne ke iya biyan hayar da mai shagon littattafai ko mai ɗan gidan shayi ba zai iya ba. Da titi ya zama na mashaya zalla, sai masu iyali da dattawa da duk wanda ba ya sha suka janye. An ce za a buɗe dare ga kowa, aka ƙare da miƙa shi ga rukuni ɗaya. Wannan, a nawa ra'ayin, shi ne kuskure mafi girma da aka yi a wannan fanni, kuma birane da yawa na maimaita shi.

Daga nan ne rikicin lokacin rufewa ya samo asali, kuma tsohon rikici ne. Ƙasar New Zealand ta tilasta rufe mashaya da ƙarfe 6 na yamma daga 1917 har zuwa 1967, da niyyar rage shaye-shaye. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago, domin ma'aikata kan tashi aiki ƙarfe 5 su ruga su ɗura wa cikinsu iya abin da za su iya cikin awa guda, sannan a turo su titi gaba ɗaya. Ingila ta daɗe tana rufe mashayunta ƙarfe 11 na dare, har sai da dokar lasisi ta 2003, wadda ta fara aiki a Nuwamban 2005, ta kawar da ƙayyadadden lokacin. Ɗaya daga cikin hujjojin da aka bayar shi ne, idan aka kori dubban mutane a minti guda, duk za su haɗu a layin tasi ɗaya da bakin shagon abinci ɗaya, kuma nan ne faɗa ke tashi.

Birnin Sydney na Ostireliya ya bi akasin wannan hanya. Bayan mutuwar wasu samari biyu da aka yi wa naushi a titi, gwamnatin jihar ta kafa doka a Fabrairun 2014: daga ƙarfe 1:30 na dare ba mai shiga mashaya ko gidan rawa a unguwar Kings Cross da tsakiyar birnin, kuma ƙarfe 3 a daina sayar da barasa. Hare-hare a Kings Cross sun ragu da kusan rabi, kuma likitocin da ke karɓar waɗanda aka ji wa rauni sun goyi bayan dokar sosai. A ɗaya gefen, wurare da dama sun rufe, mawaƙa da makaɗa sun rasa inda za su yi wasa, masu sayar da abincin dare sun rasa masu saye, sannan wani kaso na tashin hankalin ya koma unguwannin da ke kewaye. A Janairun 2020 aka ɗage dokar a tsakiyar birnin, a Maris na 2021 aka ɗage ta a Kings Cross. Ban ga dalilin ƙaryata kowane ɓangare ba. Likitan da ya ga gadajen asibiti sun ragu da cika gaskiya ya faɗa, mai kiɗan da ya rasa abincinsa ma gaskiya ya faɗa. Rufe unguwa na rage faɗa a cikinta, kamar yadda rufe hanya ke rage haɗari a kanta.

Amsterdam ta nemi wata mafita. A can aka ƙirƙiro muƙamin "magajin garin dare", kuma wanda ya fi fito da shi duniya shi ne Mirik Milan, wani mai shirya bukukuwa da aka zaɓa a 2012. Ba shi da ikon kafa doka ko kama kowa. Aikinsa shiga tsakani ne, ya zauna da masu wurare, da mazauna unguwa, da 'yan sanda, da ofishin magajin gari na ainihi. A zamaninsa aka fara ba wasu wurare da ke wajen cunkoson tsakiyar gari lasisin awa 24, don mutane su riƙa watsewa kaɗan-kaɗan maimakon a lokaci guda, aka kuma zuba wasu ma'aikata marasa kakin 'yan sanda a dandalin Rembrandt, suna nuna wa baƙi hanya suna kwantar da rigima tun tana ƙarama. Landan ta kwaikwaya a Nuwamban 2016, lokacin da magajin gari Sadiq Khan ya naɗa Amy Lamé ta kula da harkokin dare. New York ta kafa nata ofishin a 2017, a shekarar da ta soke wata doka ta 1926 da ta haramta rawa a duk wurin da ba shi da lasisi na musamman. Japan ma ta sassauta dokarta ta 1948 da ta hana rawa bayan tsakar dare, gyaran ya fara aiki a 2016. Berlin kuwa tun 1949 aka cire wa yammacinta lokacin rufewa.

Amma yawancin wuraren da ke mutuwa ba doka ce ke kashe su ba. Haya ce, kuma labarin kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Unguwa ta tsufa, haya ta yi araha, sai masu ƙaramin jari su shigo: wani ya buɗe wurin kiɗa a tsohon sito, wata ta buɗe gidan abinci mai tebur shida. Wurin ya yi suna, mutane suka fara tururuwa. Masu gine-gine suka hango kuɗi, suka gina benayen kwana masu tsada, suna tallata su da cewa ga su a unguwa mai rai. Sababbin mazauna suka tare, bayan wata uku suka fara kai ƙarar hayaniya. Mai gida ya ninka haya. Waɗanda suka raya unguwar su ne na farkon ficewa. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Ba na cikin masu yi wa mai neman barci kallon ɗan hana ruwa gudu. Barci ba gata ba ne, buƙatar jiki ce kamar abinci, kuma reshen Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawara tun 2009 cewa matsakaicin ƙarar dare a wajen ɗakin kwana kada ya wuce desibel 40 a ma'aunin ƙarfin sauti. Tambayar adalci ita ce wa ya tarar da wa. Jihar Victoria ta Ostireliya ta amsa ta da wata ƙa'ida a 2014, Ingila ma ta saka irinta a tsarin gine-ginenta a 2018: wanda ya kawo canji shi zai ɗauki nauyinsa. Idan ka gina gidaje kusa da wurin kiɗan da ka tarar, kai za ka biya kuɗin bango da tagogin da ke tare ƙara. Idan kuma kai ne ka buɗe wurin kiɗa a tsakiyar gidajen mutane, nauyin na kanka. Ban san wata ƙa'ida a wannan fanni da ta fi ta sauƙin fahimta da kusanci da gaskiya ba.

Tukunyar da ke kan wuta har asuba

Kalmar da yawancin harsunan Turai ke kiran gidan abinci da ita, wato "restaurant", ta fito ne daga Paris ta shekarun 1760, kuma asalinta sunan wani romo ne da ake sayar wa masu raunin jiki don ya maido musu da ƙarfi. Daga baya sunan ya koma kan wurin. Sabon abin da wuraren suka kawo shi ne mutum ya zo lokacin da ya ga dama, ya zauna a teburinsa shi kaɗai, ya zaɓi abin da yake so daga jerin da aka rubuta da farashi. Da zaɓi ya yi yawa, sai aka buƙaci mai nuna hanya. A 1900 wasu 'yan'uwa biyu masu kamfanin taya, André da Édouard Michelin, suka fara raba wa direbobi wani ɗan kundi kyauta, mai nuna inda za a sami mai da makaniki da masauki. Manufarsu mutane su yi tafiya da mota, taya ta cinye, su sayi sabuwa. A 1926 kundin ya fara ba gidajen abinci tauraro, a 1931 aka raba darajar zuwa hawa uku. Yau tauraron kamfanin taya na iya ɗaga mai dafa abinci sama, rasa shi kuma na iya karya shi.

Sana'ar gidan abinci ribarta siririya ce. Haya ba ta san an yi ciniki ko ba a yi ba, albashi ma haka, kayan miya kuma ba sa jiran gobe. Saboda haka 'yan awoyin yamma zuwa dare, musamman na ƙarshen mako, su ke ɗauke da sauran kwanakin. Duk abin da ya taɓa waɗannan awoyi, ko dokar rufewa ce, ko rashin mota, ko tsoron titi, kai tsaye yake taɓa tukunya. Shi ya sa a Sydney masu gidajen abinci suka koka tare da masu gidajen rawa, ko da yake ba su dokar ta nufa ba.

Ni dai abincin dare da ya fi damuna shi ne na bakin titi, domin shi ke ciyar da waɗanda ke riƙe da birni. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa mutum biliyan 2.5 ne ke cin abincin titi kowace rana. Direban tasi da mai gadi da ma'aikaciyar jinya da ta fito hutun rabin awa ba gidan abinci mai tauraro suke nema ba, abu mai zafi suke so, mai araha, a kusa. Yadda hukumomi ke mu'amala da masu wannan sana'a yana cike da tufka da warwara. A 2017 mahukuntan Bangkok suka sanar da shirin kawar da masu sayar da abinci daga gefen manyan tituna, duk da cewa abincin titin na cikin abin da ke jawo baƙi birnin. A ƙarshen wannan shekarar kuma Michelin ta ba wata dattijuwa mai suna Jay Fai tauraro, matar da ke soya abinci a kan gawayi a wani ɗan shago, sanye da tabaran kare ido. Daga nan layi ya tsawaita har mutane na jira na awoyi.

Singafo ta ɗauki hanya mai tsawo. Maimakon kora, sai gwamnati ta yi wa masu tallar abinci rajista, sannan daga 1971 zuwa 1986 ta gina musu cibiyoyi masu rufi da famfo da magudanar ruwa da wurin zubar da shara, ta mayar da su ciki a kan haya mai sauƙi. Yanzu cibiyoyin sun haura 100. A 2016 rumfuna biyu daga irin waɗannan masu sana'a suka sami tauraron Michelin, ɗaya daga cikinsu, ta Chan Hon Meng, na sayar da farantin shinkafa da kaza a kan dalar Singafo 2 a lokacin. A Disambar 2020 hukumar UNESCO ta saka wannan al'ada cikin kayan gadon bil'adama. Tsugune dai ba ta ƙare ba, domin matsakaicin shekarun masu sana'ar na kusa da 60, kuma 'ya'yansu da suka yi karatu ba sa marmarin tsayuwar awa goma sha biyu a gaban wuta. Duk da haka, birnin ya nuna cewa tsafta da abincin talaka na iya zama a inuwa ɗaya idan hukuma ta yarda ta kashe kuɗi a kan famfo maimakon motar kwashe kaya.

Wuraren motsa jiki su ne autan wannan kasuwa, kuma lissafinsu daban ne. Gidan abinci na samun kuɗi idan ka zo. Wurin motsa jiki mai karɓar kuɗin wata ya fi samun riba idan ka biya ka zauna a gida. Wasu masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun bi diddigin dubban masu rajista a wurare uku a Amurka, suka wallafa sakamakon a 2006. Waɗanda suka zaɓi biyan kuɗin wata na sama da dala 70 suna zuwa kusan sau 4.3 ne a wata, wato kowane zuwa na cin musu fiye da dala 17, alhali akwai tikitin zuwa goma da ke kamawa dala 10 a kowane zuwa. Mutum na biyan kuɗin wanda yake fatan ya zama ne. Ban faɗi haka don rage darajar wuraren ba. Wanda ke buɗe awa 24 alheri ne na gaske ga ma'aikacin da ke tashi aiki ƙarfe 11 na dare, kuma ga mace da ba ta amince da gudu a titi mai duhu ba, ɗaki mai haske da ƙofa mai kulle na iya zama zaɓi ɗaya tilo.

To amma girman matsalar ya fi ƙarfin kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya na son baligi ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma alƙalumanta na 2022 sun nuna kashi 31 cikin 100 na manya a duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa kai wa. Ba za a tara wannan adadi a ɗakuna masu na'ura ba. Fili suke buƙata. Birnin Bogota na Kolambiya, tun daga 1974, ya fara rufe tituna ga motoci don masu keke da masu tafiya a ƙasa, kuma yau sama da kilomita 120 ake rufewa kowace Lahadi da ranakun hutu daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana. Gudun kilomita 5 na kyauta da ake kira parkrun ya fara ne a 2004 a wani lambu a Landan da mutum 13, ya bazu zuwa ƙasashe da dama. A biranen Sin miliyoyin mata, akasarinsu waɗanda suka yi ritaya, kan taru a dandali da yamma su yi rawar motsa jiki da lasifika. Su ma ba su tsira daga tsohuwar rigimar ba, domin mazauna benayen kusa sun yi ta ƙorafin ƙara, kuma sabuwar dokar hana gurɓata muhalli da hayaniya da ta fara aiki a Yunin 2022 ta shafi irin wannan taro. Ko tsohuwa mai neman lafiyar gwiwarta sai ta yi karo da mai neman barci.

Wanda ba a gani

Wani rahoto da hukumar birnin Landan ta fitar a 2018 ya nuna mutum miliyan 1.6 ne ke aiki da dare a birnin, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan ma'aikatansa. Galibinsu ba su da alaƙa da gidan rawa. Suna asibitoci da gidajen kula da tsofaffi, suna tuƙi, suna lodi a ɗakunan ajiya, suna gadi, suna share ofisoshin da wasu za su shigo da safe su tarar tsaf. Annobar korona ta 2020 ta fito da wannan fili: an rufe gidajen rawa kafin komai, an buɗe su bayan komai, amma dare bai daina aiki ko na kwana ɗaya ba.

Aikin dare na da farashi a jiki. Akwai agogo a cikin ƙwayoyin halittar ɗan'adam da ke bin haske da duhu, yana tsara lokacin barci da narkar da abinci da zafin jiki, kuma gano yadda yake aiki ne ya sa Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young suka sami kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2017. Hukumar binciken cutar kansa ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya, ta saka aikin da ke dagula wannan agogo cikin abubuwan da mai yiwuwa ne suna haddasa kansa a 2007, ta kuma sake tabbatar da matsayin a 2019. Mai wanke kwanukan da na ambata a farko yana biyan wani ɓangare na kuɗin abincin da ake ci a gaba da lafiyarsa, kuma wannan ba ya cikin takardar da ake miƙa wa mai saye.

Inda za ka gane wanda birni ke tunawa da shi shi ne sufurinsa. Da Landan ta fara gudanar da jiragen ƙasa na ƙarƙashin ƙasa cikin dare a Agustan 2016, daren Juma'a da na Asabar kawai aka ware, wato dararen da ake fita shaƙatawa. Ci gaba ne, kuma ma'aikata da yawa sun amfana. Sai dai ma'aikaciyar jinya na aiki daren Talata ma, kuma a wannan daren bas ce gatanta.

Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, ta fara daga ɗaya ƙarshen. A 2013 hukumar birnin ta haɗa kai da kamfanin sadarwa na KT, aka nazarci bayanan kiran waya kimanin biliyan 3 don a ga inda mutane suke bayan tsakar dare da inda suke komawa. A kan wannan aka zana hanyoyin motocin bas na dare da ake wa laƙabi da "mujiya", masu aiki daga tsakar dare zuwa ƙarfe 5 na asuba, kowace rana ta mako. Masu shiga sun haɗa da 'yan kasuwar dare, da ɗalibai, da direbobin da ake haya su kai mutum gida a motarsa sannan su nemi hanyar dawowa da kansu.

Shekara guda kafin haka, a 2012, wani ɗan siyasar Koriya ta Kudu mai suna Roh Hoe-chan ya yi wani jawabi da har yanzu ake tunawa da shi a ƙasar, a kan bas mai lamba 6411. Motar farko kan tashi ƙarfe 4 na asuba daga unguwar Guro zuwa Gangnam, unguwar manyan ofisoshi. Kafin ta yi nisa ta cika maƙil, har wasu na zama a ƙasa. Fasinjojin kusan mutane ɗaya ne kullum, yawancinsu mata masu shekaru 50 zuwa 60 da ke zuwa sharar benaye, sun san juna, sun san wa ke hawa a wace tasha. Ya kira su mutanen da ba a gani, domin masu ofisoshin da suke sharewa ba su san ko sunayensu ba. A ƙarshen 2024 birnin ya ƙaddamar da wata bas mai tuƙa kanta, lamba A160, don irin waɗannan ma'aikata na asuba, kuma tana barin tasha ne da ƙarfe 3:30.